Littattafan Tarihin Leonardo da Vinci na Yara da na Manya: Abin da Ya Dace da Aji da Abin da ke Buƙatar Tacewa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin littattafan ƙarin karatu da ke shiga ɗakunan karatu na makarantu, ko ta hanyar saye ko ta gudummawa, akwai rukunin da ke ba da tarihin rayuwar mashahuran mutane. Da wuya a sami jerin irin waɗannan littattafai da bai ware kundi guda ga Leonardo da Vinci ba, wato mai zanen nan kuma injiniya na ƙasar Italiya wanda ya rayu a zamanin farfaɗowar ilimi da fasaha a Turai. Dalili kuwa a fili yake. Malamin zane zai sami abin koyarwa a rayuwarsa, haka malamin kimiyya da na lissafi da na tarihi, har ma da malamin harshe.

Wannan muƙala za ta duba waɗansu daga cikin littattafan da aka rubuta a kansa, na yara da na manya, domin taimaka wa malami ko mai tsara manhaja da ke tunanin sanya ɗaya daga cikinsu a jerin karatu, ko fassara shi, ko kuwa tsakuro darasi daga cikinsa zuwa Hausa. Abin da ya sa aikin ya cancanci a yi shi da natsuwa shi ne, labarin Leonardo ya daɗe da cakuɗuwa da almara, kuma kuskuren da ya shiga littafin aji yakan fi marubucinsa tsawon rai.

2.0 Mutumin da Zamaninsa

An haifi Leonardo ranar 15 ga Afrilu, 1452, a yankin Vinci, wani ƙaramin gari da ke kusa da birnin Fulorans. Mahaifinsa, Ser Piero, marubucin takardun shari'a da yarjejeniya ne, mahaifiyarsa kuwa sunanta Caterina, kuma ba a ɗaura musu aure ba. Kalmomin "da Vinci" ba sunan mahaifi ba ne. Ma'anarsu "na garin Vinci", kamar dai yadda muke laƙaba wa mutum sunan garinsu mu ce Aminu Kano ko Sa'adu Zungur. Saboda haka masana kan kira shi Leonardo kawai. (Ɗalibin Hausa ma ya fi takwaransa mai Ingilishi sauƙin furta sunan garin, domin gaɓar "ci" a Italiyanci daidai take da tamu.)

Yana da kimanin shekara 14 aka kai shi shagon Andrea del Verrocchio a Fulorans, inda ya koyi zane da sassaƙa da aikin ƙarfe. Wajen 1482 ya koma Milan ya shiga hidimar Ludovico Sforza, ya zauna har 1499 lokacin da sojojin Faransa suka ci birnin. A 1502 ya yi wa Cesare Borgia aikin injiniyan soja, daga 1513 ya zauna a birnin Rum, sannan a 1516 ya amsa gayyatar Sarki Faransuwa na Ɗaya ya tafi Faransa, inda ya rasu a Amboise ranar 2 ga Mayu, 1519. Domin ɗalibi ya kama zamanin, ya isa a gaya masa cewa shekarar da Leonardo ya bar Milan ita ce shekarar da mulkin Muhammadu Rumfa ya ƙare a Kano, mulkin da ya fara a 1463.

Zane-zanen fenti da masana suka yarda nasa ne ba su kai 20 ba. Abin da ya bari mai yawa shi ne kundayen rubuce-rubucensa, waɗanda shafi sama da 7,000 suka tsira daga cikinsu.

3.0 Rijiyoyi Biyu da Marubuta ke Ɗiba

Kusan duk wani littafi a kan Leonardo, na yaro ne ko na babba, daga rijiya biyu yake ɗiban ruwa, kuma sanin halin kowace daga cikinsu shi ne rabin aikin tantancewa.

Ta farko ita ce littafin Giorgio Vasari na tarihin masu zane da masassaƙa da magina, wanda ya fito a 1550 aka kuma sake buga shi da ƙari a 1568. Vasari bai taɓa ganin Leonardo ba, domin yana ɗan shekara 8 ko ƙasa da haka Leonardo ya rasu. Ya tattara labarai ne daga bakin mutane, kuma gwani ne wajen ƙawata su. Daga wurinsa aka sami labarin cewa Verrocchio ya ajiye burushi bai sake fenti ba bayan ya ga mala'ikan da yaron shagonsa ya zana ya fi nasa kyau. Daga wurinsa kuma aka sami labarin cewa Leonardo ya cika a hannun Sarkin Faransa, labarin da masana suka daɗe suna shakkarsa, saboda akwai takardar umarnin fada da aka fitar a daidai waɗannan kwanaki daga Saint-Germain-en-Laye, kusa da Faris, nesa da Amboise. Waɗannan labarai suna da daɗin ji, shi ya sa littattafan yara ba sa barin su. Babu laifi a ba da su a aji muddin an gabatar da su da kalmar "an ce" ko "wai", wadda Hausa ta tanada domin irin wannan aiki.

Rijiya ta biyu ita ce kundayen Leonardo kansa. Bahago ne, kuma yakan yi rubutu daga dama zuwa hagu da haruffa a juye, ta yadda sai da madubi ake karanta shi cikin sauƙi. Bai buga ko ɗaya daga cikinsu ba. Ya bar su ga almajirinsa Francesco Melzi, bayan rasuwar Melzi kuma suka warwatse a hannun masu tara kayan tarihi. Wani masassaƙi mai suna Pompeo Leoni ya yayyanka da yawa ya lilliƙa su a manyan kundaye bisa nasa tsarin. Mafi girmansu shi ne Codex Atlanticus mai takarda 1,119, wanda ke ɗakin karatu na Ambrosiana a Milan. Waɗansu kundaye biyu sun ɓace a cikin ɗakin karatu na ƙasa da ke Madrid, sai a shekarun 1960 aka gano su. Wani kuma, Codex Leicester, Bill Gates ya saye shi a gwanjo a 1994 a kan dala miliyan 30.8. Ban da bayanansa a kan zane da aka buga a Faris a 1651, jama'a ba su sami damar karanta rubuce-rubucensa sosai ba sai da Jean Paul Richter ya fitar da zaɓaɓɓu daga cikinsu tare da fassarar Ingilishi a 1883. A riƙe wannan shekara da kyau, domin za mu dawo kanta.

4.0 Littattafan Manya

Malamin da zai shirya darasi yana buƙatar littafi ɗaya mai inganci da zai jingina da shi. Na Kenneth Clark (1939) gajere ne mai daɗin karatu, amma hankalinsa na kan zane, kuma ya riga gano kundayen Madrid fitowa. Na Martin Kemp, Leonardo da Vinci: The Marvellous Works of Nature and Man (1981), shi ne ya fi nuna yadda zanen Leonardo da kimiyyarsa suke tafiya tare, sai dai yana da nauyi ga wanda bai saba da fannin ba. Na Charles Nicholl (2004) ya fi kowanne bin diddigin rayuwar yau da kullum: abin da Leonardo ya saya a kasuwa, da bashin da ya ci, da yaran shagonsa. Na Walter Isaacson (2017) ya fi sauƙin samu da sauƙin harshe, kuma ya gina littafin ne a kan kundayen. A ganina malamin sakandare ya fara da Isaacson ko Nicholl, ya riƙa komawa ga Kemp idan an zo batun kimiyya.

Shekarar bugu tana da muhimmanci a nan. An daɗe ana gardama a kan ko wace ce matar da ke cikin zanen Mona Lisa, har sai da aka gano a 2005, a ɗakin karatu na Jami'ar Heidelberg da ke Jamus, wani ɗan rubutu da wani ma'aikacin gwamnatin Fulorans, Agostino Vespucci, ya yi a gefen littafi a watan Oktoba na 1503, inda ya ambaci cewa Leonardo na zana Lisa, matar Giocondo. Littafin da ya riga wannan fitowa zai cika shafi da hasashen da yanzu ba a buƙatarsa. Batun asalin mahaifiyarsa kuwa har yanzu da saɓani: Kemp da Giuseppe Pallanti sun kawo hujja a 2017 cewa marainiya ce 'yar yankin, Carlo Vecce kuma ya kawo tasa a 2023 cewa baiwa ce da aka kawo daga yankin Kaukasus. Darasin aji ya tsaya a kan sunanta.

Akwai littafi guda da ya kamata duk mai sha'awar fassara ya san labarinsa, ko da ba zai karanta shi ba. A 1910 Sigmund Freud ya rubuta nazari a kan halayyar Leonardo, ya gina shi a kan wani abu da Leonardo ya rubuta cewa yana tunawa tun yana cikin shimfiɗar jariri: wani tsuntsu ya sauko ya buɗe masa baki da wutsiyarsa. Kalmar da Leonardo ya yi amfani da ita tana nufin shirwa. Fassarar Jamusanci da Freud ya dogara da ita ta mayar da shirwar ungulu. A kan wannan ungulu Freud ya ɗora dogon bayani, har ya kai ga wata abar bautar Misirawan dā mai siffar ungulu wadda ke wakiltar uwa, ya kuma fitar da sakamako game da dangantakar Leonardo da mahaifiyarsa. Da aka gano cewa tsuntsun shirwa ce, wannan ɓangare na ginin ya rushe. Leonardo kuwa ya ambaci shirwa ne a cikin bayanansa na tashin tsuntsaye, domin ya daɗe yana lura da yadda take sarrafa wutsiyarta a iska, abin da kowane yaro mai tsaron 'yan tsaki ya sha gani. Ban san misalin da ya fi wannan dacewa da darasin fassara a babbar sakandare ko kwalejin ilimi ba a kan abin da kalma ɗaya ke iya jawowa.

Sauran kuwa a taƙaice. How to Think Like Leonardo da Vinci na Michael Gelb (1998) littafin gyaran kai ne da ya ari sunan Leonardo. The Da Vinci Code na Dan Brown (2003) ƙagaggen labari ne na ban-tsoro da bincike. Abin da ya faɗa game da ƙungiyoyin asiri da saƙonnin ɓoye a cikin zane ba tarihi ba ne, kuma ya ɓata wa Kiristoci da dama rai. Ba shi da gurbi a jerin littattafan tarihi.

5.0 Littattafan Yara

Waɗannan sun kasu gida uku, ko da yake iyakokin na shiga juna. Akwai masu ba da tarihin rayuwa kai tsaye, kamar na Diane Stanley (1996), da Who Was Leonardo da Vinci? na Roberta Edwards (2005), da na Kathleen Krull (2005) wanda ya ɗauke shi a matsayin masanin kimiyya. Akwai masu saƙa ƙagaggen labari a kewayensa, kamar Leonardo and the Flying Boy na Laurence Anholt (2000), da Monday with a Mad Genius na Mary Pope Osborne (2007), inda yara biyu na wannan zamani suka koma baya suka yini da shi. Sai kuma masu sa yaro aiki da hannunsa, kamar Leonardo da Vinci for Kids na Janis Herbert (1998), mai ɗauke da ayyuka 21.

Na Stanley ya fi sauran daidaito tsakanin hoto da bayani, kuma zai fi jure fassara. Na Edwards yana da sauƙin harshe, ya dace da aji biyar da shida na firamare. Ƙagaggun labaran kuwa suna jan hankali, amma yaro ɗan shekara tara ba ya rarrabe inda tarihi ya tsaya da inda marubuci ya fara ƙirƙira, sai malami ya nuna masa. Wanda ya fi burge ni a cikin duka shi ne Leonardo's Horse na Jean Fritz (2001), domin labarin aikin da bai yiwu ba ne. Sforza ya sa Leonardo ya yi masa ƙaton doki na tagulla mai tsawon sama da mita 7. Ya shafe shekaru yana nazarin dawaki, ya gina samfurin da yumɓu, sai a 1494 aka karkatar da tagullar zuwa ƙera igwa saboda yaƙi, a 1499 kuma maharban Faransa suka mayar da dokin yumɓun abin gwada hannu. Sai bayan shekara 500, a 1999, aka kafa dokin tagulla a Milan, aikin masassaƙiya Nina Akamu, bisa ƙoƙarin da wani Ba'amurke mai suna Charles Dent ya faro. Yaron da ya karanta wannan ya ga gwani yana shan wahala yana kuma yin asara, abin da yawancin littattafan ke ɓoyewa.

Babbar matsalar littattafan yara ita ce kalmar "ƙirƙira". Sau da yawa za a karanta cewa Leonardo ne ya ƙirƙiro jirgi mai saukar ungulu, da tankar yaƙi, da laimar sauka daga jirgi, da keke. Neo Leo na Gene Barretta (2009), alal misali, ya jera zane-zanensa gefe da gefe da na'urorin da aka ƙera daga baya. Tsari ne mai kyau ga ido, amma yakan bar yaro da tunanin cewa daga wancan aka samo wannan. A nan ne shekarar 1883 ta dawo. Kundayen sun shafe fiye da shekara 300 a rufe, saboda haka yawancin abin da ke cikinsu bai shiga hannun maƙera da masana na bayansa ba. Ya gano ƙa'idojin gogayya tsakanin abubuwa biyu wajen 1493, amma sai da Guillaume Amontons ya sake gano su a 1699 duniya ta san su. Ya zana gaɓoɓin jikin ɗan Adam da ƙwarewar da ba a taɓa gani ba, amma littafin Andreas Vesalius na 1543 ne ya sauya koyar da likitanci. Na'urarsa mai kama da jirgi mai saukar ungulu, wadda mutane za su juya da ƙarfin hannu, ba za ta iya tashi ba. Laimar saukarsa mai siffar dala ta fi sa'a: a shekarar 2000 wani Bature ɗan Ingila, Adrian Nicholas, ya gwada irinta a Afirka ta Kudu ta kuma riƙe shi, ko da yake ya sake ta kafin ya iso ƙasa ya ƙarasa da laimar zamani saboda nauyinta. Zanen keken kuwa, wanda ya bayyana a bayan wata takarda ta Codex Atlanticus aka kuma sanar da shi a 1974, yawancin masana sun tafi a kan cewa ba na Leonardo ba ne, kuma da dama na ganin an cusa shi ne a zamanin baya-bayan nan. Duk da haka yana nan a littattafan yara masu yawa.

Abin da mai fassara zai yi a nan ƙarami ne amma mai tasiri. Hausa ta bambanta "ya zana", da "ya tsara", da "ya yi tunanin", da "ya ƙera". A zaɓi wadda ta dace da kowace na'ura.

6.0 Abubuwan Lura ga Mai Tsara Manhaja

Duk littattafan da aka ambata an rubuta su ne domin yaran Turai da Amurka, kuma akwai abubuwan da sai an duba kafin su shiga aji a nan. Shahararren zanensa na mutum a cikin da'ira da murabba'i, na wajen 1490, yana nuna namiji tsirara, haka ma zane-zanensa na gaɓoɓin jiki, waɗanda ya yi bayan feɗe gawarwaki kimanin 30 bisa faɗarsa. Yawancin zane-zanensa na fenti na coci ne, suna nuna siffar Annabi Isa da Nana Maryamu, ciki har da Jibin Ƙarshe da ya yi a bangon ɗakin cin abinci na Santa Maria delle Grazie a Milan tsakanin 1495 da 1498. Littattafan manya, da waɗansu na matasa irin na Krull, suna kawo ƙarar da aka shigar a ɓoye a 1476 ana zarginsa da luwaɗi tare da wasu samari, ƙarar da aka kora domin babu wanda ya fito ya ba da shaida. Shugaban makarantar da bai san da waɗannan ba sai ranar da uba ya shigo ofis riƙe da littafin, ya makara. Hanyar da ta fi ita ce kwamitin tantancewa ya karanta littafi daga bango zuwa bango, ya zaɓi hotunan da suka dace da shekarun ɗalibai da muhallinsu. Zaɓen hoto daban yake da sauya tarihi. Abin da aka ga bai dace da aji huɗu ba a bar shi, amma kada a maye gurbinsa da ƙarya. Kayan da ba su da wata matsala ma suna da yawa: dawaki, tsirrai, guguwar ruwa, fikafikan tsuntsaye, taswirar garin Imola ta 1502, da gadar da ya tsara wa Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Bayazid na Biyu, domin mashigin ruwan Santambul. Ba a gina ta ba, sai a 2001 aka yi ƙaramar irinta ta masu tafiya a ƙasa a Norway.

Ga malamin harshe kuwa akwai abu biyu da littattafan yara ba su cika kulawa da su ba. Na farko, Leonardo bai yi karatun Latin ba yana yaro, alhali shi ne harshen ilimi a Turai a lokacin. Ya rubuta kimiyyarsa da harshen da ya tashi da shi, Italiyancin yankin Toskana, ya kuma bayyana kansa a matsayin wanda bai yi karatun littafi ba, yana mai kare hujjar gwaji da gani da ido. Yana dab da shekara 40 ya zauna yana jera dubban kalmomi a kundin da ake kira Codex Trivulzianus domin faɗaɗa harshensa. Wanda ya taɓa zama a kwamitin samar da keɓaɓɓun kalmomi zai gane irin aikin. Na biyu, ya rubuta gajerun labarai na dabbobi da itatuwa da kayan aiki masu magana, kamar na askar da ta raina aikin aski ta ɓuya har ta yi tsatsa. Waɗannan sun yi kusa da tatsuniya ƙwarai, kuma su ne mashiga mafi sauƙi ga ƙananan azuzuwa.

Maimakon fassara littafi guda kalma da kalma, ya fi a bi tafarkin da Abubakar Imam ya bi a Magana Jari Ce, inda ya ɗebo daga wurare da dama ya sake ƙerawa, da wanda shi da R. M. East suka bi a Ikon Allah wajen bayanin halittu da Hausa. A firamare, gajerun labaran da labarin dokin sun isa. A ƙaramar sakandare a kawo tarihin rayuwar tare da aikin hannu: rubutun madubi, da gadar sanduna mai riƙe kanta ba ƙusa ba igiya, wadda za a iya haɗawa da karan dawa. A babbar sakandare a kawo shirwa da ungulu, da keken da ba nasa ba, a matsayin darasin auna hujja. A kowane mataki kuma a ba ɗalibi ƙaramin littafin rubutu, irin wanda Leonardo ke ratayawa a ɗamararsa, a ce ya zaɓi abu ɗaya, ko tafiyar tururuwa ko yadda ruwan sama ke cin gindin katanga, ya lura da shi mako guda, ya zana, ya rubuta abin da ya gani da Hausa, tare da kwanan wata a kan kowane shafi.